Ƙwayoyin deksa 14 ga ɗan shekara biyu: amsa kan tarin haushi da maganin sitiroyid

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da shekara 2 da wata 3, nauyinsa kilo 12. Makon jiya ya kwana biyu yana mura, a dare na uku wajen ƙarfe 1 sai ya farka da wani irin tari mai kama da haushin kare, muryarsa ta dishe, kuma duk lokacin da ya ja numfashi sai a ji wata ƙara tana fita. Muka garzaya asibiti. Likitan da muka tarar ya ce sunan ciwon kurup, ya sa aka daka ƙwayoyin deksa guda 14 aka jiƙa aka ba shi a cokali, aka riƙe mu kamar awa 3, sannan aka sallame mu ba allura, ba antibayotik, sai farasitamol kawai. Alhamdu lillahi yaron ya samu sauƙi. Amma da kakarsa ta ji sunan maganin sai hankalinta ya tashi, ta ce ai shi ne sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba, kuma yana lalata ƙoda. Shin ba a cutar da yaron ba? Me ya sa sau ɗaya kawai aka ba shi? Kuma zan iya saye in ajiye a gida saboda wani lokaci?" Daga wata uwa a Zariya.

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara wa yaron lafiya, ya raya miki shi. Tambayarki ta ƙunshi abu uku: ko yawan maganin da aka ba shi ya wuce ƙa'ida, ko shan sa sau ɗaya yana da amfani ko illa, da kuma ko ya dace ki riƙa ba shi da kanki nan gaba. A taƙaice, bisa abin da kika bayyana, likitan ya yi abin da ya kamata, adadin bai wuce ƙa'ida ba, kuma sha ɗaya shi ne cikakken maganin. Amma batun ajiyewa a gida ban goyi bayansa ba, kuma a kansa zan fi tsayawa, domin nan ne haɗarin yake. Ki lura cewa ban ga yaron ba, ban saurari ƙirjinsa ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne a kan ciwon da maganinsa, ba zai maye gurbin idon likitan da ya duba shi ba.

Abin da ke faruwa a maƙogwaron yaro

Kurup, wanda zan riƙa kira tarin haushi saboda sautinsa, kumburi ne na maƙogwaro da farkon bututun da ke kai iska huhu. Kusan kullum ƙwayar bairos ce ke kawo shi, kuma wadda ta fi yawa ita ce farainfuluwenza, musamman nau'inta na 1, ko da yake sauran ƙwayoyin mura, da na ƙyanda, har da korona, suna iya haddasa shi. Ya fi kama yara daga wata 6 zuwa shekara 3, ya fi yawa a shekara ta biyu, kuma yana ɗan fi kama maza a kan mata. Bayan shekara 6 ba kasafai ake ganinsa ba.

Dalilin da ya sa ƙwayar da za ta ba babba mura da dishewar murya kawai take shaƙe ƙaramin yaro yana cikin ƙirar maƙogwaron. A ƙarƙashin igiyoyin murya akwai wani zoben guringuntsi wanda ya kewaye hanyar iska gaba ɗaya, kuma ba ya buɗewa. Idan naman da ke cikinsa ya kumbura, ba shi da wurin tafiya sai ciki, sai ya matse hanyar. A jariri faɗin wannan hanya bai wuce kamar milimita 4 ba. Kumburin milimita 1 kacal a kewaye zai mayar da shi milimita 2, wato kashi uku cikin huɗu na ƙofar ya tafi. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsatsi ita ce ƙarar da kika ji yana yi idan ya ja numfashi. Idan yaro ya tsorata ya yi kuka, yana fizgar iska da ƙarfi, hanyar ta ƙara matsewa, ƙarar ta ƙaru, tsoron ya ƙaru. Shi ya sa a ɗakin gaggawa abu na farko da nake yi shi ne in bar yaron a cinyar uwarsa, in tsaya daga nesa in kalli ƙirjinsa, kafin in taɓa shi da komai.

Ciwon yana tsananta da dare, kuma dare na biyu ko na uku ne suka fi wuya. Yawancin yara tarin haushin yana lafawa cikin kwana 2, wasu ya kai mako guda. Muna rarraba shi gida uku. Mai sauƙi shi ne wanda yaro ke tarin amma idan ya natsu babu ƙara a numfashinsa. Matsakaici shi ne wanda ƙarar take nan ko yana zaune shiru, kuma ƙirjinsa da ƙasan wuyansa suna lotsawa. Mai tsanani shi ne wanda yaro ke fafutukar numfashi, ya kasa natsuwa ko ya galabaita. Akwai ma'aunin da wani likita mai suna Westley da abokan aikinsa suka fitar a 1978, wanda masu bincike ke amfani da shi har yau, amma a bakin gado idon da ya saba ya isa ya bambance.

Me deksa ke yi a nan

Deksametazon, wanda kowa ke kira deksa, yana cikin dangin magungunan sitiroyid masu kwaikwayon wani sinadari da jikinmu ke yi da kansa, wato kotizol, wanda wasu 'yan ƙananan kaluluwa da ke zaune a saman ƙoda suke fitarwa. Ba irin sitiroyid ɗin da masu ɗaga ƙarfe ke amfani da shi don gina tsoka ba ne, suna kawai suka haɗa. Aikinsa shi ne kwantar da kumburi: yana rage tsiyayar ruwa daga ƙananan jijiyoyin jini zuwa cikin nama, yana kuma rage sinadaran da garkuwar jiki ke zubawa a wurin. Ba ya kashe bairos. Jikin yaron ne zai kawar da bairos ɗin a cikin 'yan kwanaki, abin da muke nema kawai shi ne hanyar iska ta kasance a buɗe har a kai lokacin.

Amsar tambayarki ta biyu tana nan. Deksa magani ne mai daɗewa, tasirinsa a jiki yana kaiwa awa 36 zuwa 54, wani lokaci ya fi haka. Idan kika haɗa wannan da abin da na faɗa cewa tsananin ciwon kwana biyu ne ko uku, za ki ga sha ɗaya ya rufe dukkan dararen da ake jin tsoro. Yana fara aiki da wuri fiye da yadda aka ɗauka a da, ana ganin sauƙi cikin awa 2, wasu yaran ma kafin nan. Ba a maimaita shi sai in yaro ya amayar da shi nan take, ko likita ya sake dubawa bayan kwana ɗaya ya ga akwai buƙata. Ta baki kuma yana aiki daidai da allura, don haka rashin yi masa allura ba sakaci ba ne. Gaskiya ma na fi son ta baki, domin allura tana sa yaro kuka, kuka kuma yana ƙara shaƙe shi. Muna komawa allura ne idan yaro yana ta amai ko numfashinsa bai bar shi ya haɗiya ba.

Lissafin ƙwayoyi 14

Na san adadin nan ne ya fi firgita ki, kuma duk uwar da ta ga ana zuba ƙwayoyi 14 a turmin magani don ɗan shekara biyu dole gabanta ya faɗi. To amma ba yawan ƙwaya ake dubawa ba, abin da ke cikinta ake dubawa. Ƙwayar deksa da ta fi yawa a kemis da asibitocinmu tana ɗauke da miligiram 0.5 ne kawai. Ƙa'idar da littafin kula da yara a asibiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayar ita ce miligiram 0.6 ga kowane kilo na nauyin yaro, sau ɗaya. Kilo 12 sau 0.6 ya ba da miligiram 7.2, wato ƙwayoyi 14 da ɗan ɗoriya. Ashe likitan ya yi lissafinsa daidai. Da asibitin yana da na ruwa, da 'yan cokula kaɗan kika gani, da hankalin kowa bai tashi ba. A wasu wuraren ma ruwan allurar, mai miligiram 4 a kowane mililita, shi ake zuƙa a ɗiga wa yaro a baki, kuma yana aiki.

Akwai wata ƙa'idar ta biyu mai ƙaramin adadi, miligiram 0.15 ga kowane kilo, wadda likitocin Birtaniya da na Ostareliya suka fi bi. Da ita aka bi, da ɗanki ƙwayoyi 4 zai sha. Tushenta aikin da Gary Geelhoed da abokansa suka yi ne a birnin Perth na Ostareliya a 1995, inda suka ga ƙaramin adadin ya yi aiki kamar babban. A 2019 an sake gwadawa a wannan birni da yara sama da 1,200, aka kwatanta babban adadin deksa, da ƙaramin, da kuma wani sitiroyid ɗin mai suna firednisolon, miligiram 1 ga kowane kilo, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba wajen saukar da alamun ciwon. Likitocin Kanada kuwa sun tsaya a kan 0.6, hujjarsu ita ce shi ne aka fi gwadawa, kuma yara masu ciwo mai tsanani ba su da yawa a cikin waɗanda aka gwada wa ƙaramin adadin. Ni a aikina, idan ciwon mai sauƙi ne nakan ba da ƙaramin adadin, idan kuwa yaro yana ƙara ko yana zaune shiru, ko kuma na san gidansu da nisa kuma dawowa cikin dare zai yi wuya, ina ba da 0.6 ba tare da ɗar-ɗar ba. Duka biyun suna cikin ƙa'ida.

Idan babu deksa, firednisolon yana tsayawa a madadinsa, sai dai tasirinsa bai kai na deksa daɗewa ba, shi ya sa wasu likitoci ke maimaita shi washegari. Akwai kuma budesonayid, miligiram 2, da ake shaƙawa ta na'urar nebulaiza. Yana aiki, amma ya fi tsada, bai fi deksa ba, kuma ɗora wa yaro mai tsoro abin rufe fuska na minti goma ko fiye ba ƙaramin aiki ba ne.

Tsoron kakarsa yana da tushe

Ina roƙonki kada ki ɗauki maganar kakarsa a matsayin jahilci, domin abin da ta gani da idonta take faɗa. Deksa yana cikin ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan sha-ka-fashe, kuma danginsa suna cikin mayukan bilicin da yawa. Na ga 'yan mata da suka yi watanni suna shan sa kullum, fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu suka sirance, fata ta tsattsage, hawan jini da ciwon suga suka kama su tun ba su kai shekara 25 ba. Abin da suke zaton ƙiba ce, ruwa ne da kitsen da ya taru inda bai kamata ba. Shan sa na dogon lokaci yana raunana ƙashi, yana rage garkuwar jiki, yana iya kawo yanar ido, yana tsayar da girman yaro, sannan yana sa kaluluwan nan na saman ƙoda su daina aikinsu, ta yadda idan mutum ya bar maganin farat ɗaya zai iya faɗuwa rai a hannun Allah. Ina jin daga nan ne maganar lalata ƙoda ta samo asali, ko da yake hawan jini da sugan da yake jawowa su ma suna taɓa ƙodar kanta a ƙarshe.

Duk waɗannan illoli na makonni ne da watanni. Wuta ɗaya ce ke dafa tuwo take kuma ƙone gida, bambancin yana ga yadda aka riƙe ta. Sha ɗaya ba ya kumbura fuska, ba ya tsayar da girma, ba ya taɓa ƙoda, kuma ba ya buƙatar a janye shi a hankali. Abin da ake iya gani bayan sha ɗaya shi ne yaro ya yi amai, ko ya ɗan yi rigima da rashin barci a daren, ko ya ci abinci fiye da yadda ya saba na kwana ɗaya. Ki zauna da ita ki yi mata wannan bayani cikin ladabi, ki nuna mata cewa maganin bai sake shiga bakinsa ba tun daga daren, ina kyautata zaton hankalinta zai kwanta.

Akwai yaran da muke yin taka-tsantsan da su ko a sha ɗaya: wanda ke da ƙaranbau ko ya yi cuɗanya da mai ita kwanan nan, wanda ake zargin yana da tarin fuka kuma bai fara magani ba, mai ciwon suga, mai tamowa mai tsanani, da wanda garkuwar jikinsa ta riga ta yi rauni. Ba wai haramun ne a ba su ba, idan numfashi ya toshe numfashi ne a gaba, amma likita ne zai auna.

Daga ina muka san yana aiki

Likitoci sun yi shekaru da dama suna gardama a kan sitiroyid a wannan ciwo, kuma har zuwa ƙarshen shekarun 1980 da yawa ba sa ba da shi. Gwaje-gwaje ne suka raba gardamar, daga yaran da ke kwance rai a hannun Allah har zuwa masu ciwo mai sauƙi. Wanda ya fi dacewa da tambayarki shi ne wanda aka buga a 2004 daga Kanada, inda aka ɗauki yara 720 masu kurup mai sauƙi, aka ba rabi deksa sau ɗaya, rabi kuma abin da ba magani ba ne. A cikin waɗanda ba su sha ba, kimanin kashi 15 cikin 100 sun sake komawa wurin likita, a cikin waɗanda suka sha kuwa kimanin kashi 7 ne. Waɗanda suka sha sun fi samun barci, iyayensu ma sun fi samun natsuwa. Ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara gwaje-gwajen magani ta auna su wuri ɗaya, ta sabunta nazarinta a 2023 da gwaje-gwaje 45, kuma sakamakon bai sauya ba: alamu suna raguwa, zaman asibiti yana gajarta, dawowa tana raguwa. Saboda haka ne yanzu ake ba kowane yaron da aka tabbatar yana da kurup, ko mai sauƙi ne.

Sai dai in faɗa miki iyakar wannan ilimi. Mafi yawan gwaje-gwajen an yi su ne a ƙasashe irin su Kanada, Ostareliya da Amurka, a kan yaran da ke cin abinci isasshe, suka kammala rigakafi, kuma motar asibiti tana iya isa gidansu cikin mintuna. A can, tarin haushi da ƙarar numfashi kusan kullum kurup ne. A nan ba haka ba ne, kuma wannan shi ya kawo ni tambayarki ta uku.

Me ya sa ban yarda ki ajiye shi a gida ba

Ƙarar jan numfashi alama ce kawai ta cewa wani abu ya matse hanyar iska ta sama, ba ta faɗin mene ne ya matse ta. Na farko da ya kamata kowace uwa a Arewa ta sani shi ne mashaƙo. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, ta shiga Yobe, Katsina, Borno, Bauchi da Kaduna, ta kuma bayyana a jihar Damagaram ta Nijar. Abin lura, a ƙarni na 18 da na 19 abin da likitocin Turai ke kira kurup yawanci mashaƙo ne, sai da rigakafi ya kore shi daga ƙasashensu sunan ya koma kan ciwon bairos. Mu a wurinmu tsohuwar ma'anar ba ta mutu ba. Mai mashaƙo yakan yi ciwon maƙogwaro, wuyansa ya kumbura, wata fata mai launin toka ta manne a maƙoshinsa, jikinsa ya mutu fiye da yadda zazzaɓinsa ya nuna. Maganinsa allurar kashe dafi ce da antibayotik, kuma kowace rana da aka yi jinkiri dafin yana ƙara isa zuciya da jijiyoyi. Deksa zai iya rage kumburin kaɗan, uwa ta ga kamar an samu sauƙi, a rasa kwana biyun da suka fi kowanne muhimmanci.

Na biyu shi ne abin da yaro ya shaƙa, kuma a wurinmu gyaɗa ce kan gaba, sai wake, ƙwallon dabino da murfin biro. Ba zan manta da wani yaro ba, ɗan kimanin wata 20, da aka kawo mana bayan an yi kwana 5 ana ba shi deksa da maganin tari daga kemis, kuma kowane dare yakan ɗan lafa ya dawo. Sai da na tambayi uwar yadda abin ya fara, ta ce yana wasa da yayyensa da rana tsaka ya ƙware, ya yi tari har idonsa ya yi ja, babu mura ko zazzaɓi kafin nan. Ɓarin gyaɗa aka ciro daga bututun huhunsa na dama, kuma kafin lokacin ciwon huhu ya riga ya kama wurin. Tambaya ɗaya ce ta bambance, amma sai wanda ya san ya yi ta.

Akwai kuma ƙyanda, wadda kan zo da nata kurup ɗin, mai buƙatar bitamin A da kulawa ta daban. Akwai kumburin murfin maƙogwaro da bakteriya ke kawowa, wanda ya ragu tun da aka shigar da allurar fenta, mai kariya daga cututtuka biyar har da mashaƙo, cikin rigakafin yara a Najeriya a 2012, amma yana nan a cikin waɗanda ba a yi wa ba: yaro da zazzaɓi mai zafi, yawu yana dalala, ya kasa haɗiya, ya zauna ya miƙa wuya gaba, kuma yawanci ba ya tarin haushi. Akwai ƙurji a bayan maƙoshi, akwai kuma bakteriya da ke hawa kan bututun iska bayan bairos, inda yaro zai fara kamar kurup sannan ya rikice da zazzaɓi mai tsanani, magani ya ƙi ci. Dukkan waɗannan suna buƙatar abin da babu shi a gida.

Dalili na ƙarshe kuma na ɗabi'ar ɗan Adam ne. Maganin da ya yi aiki kamar yankan wuƙa a dare ɗaya, hannu zai riƙa kai wa gare shi a kowane tari. Yaro ɗan shekara biyu yana iya yin mura sau 6 zuwa 8 a shekara, musamman da hunturu. Idan kowace mura ta samu deksa na kwana uku, to a hankali an shiga cikin abin da kakarsa ke tsoro.

Antibayotik, adirenalin da sirace

Rashin ba shi antibayotik daidai ne, domin ba ya taɓa bairos, kuma ba ya hana wata cuta hawa. Riƙe ku da aka yi na awa 3 shi ma daidai ne, ana jira ne a ga maganin ya kama kuma ƙarar ta tafi idan yaro ya natsu. Da ciwon ya fi haka tsanani, da an ƙara masa adirenalin ta nebulaiza, wanda ke tsuke jijiyoyin jinin wurin ya sassauta numfashi cikin minti 10 zuwa 30. Amma tasirinsa yana gushewa cikin kamar awa 2, don haka gada ce kawai kafin deksa ya kama, kuma duk yaron da aka yi wa shi sai an tsare shi an ga abin da zai biyo baya. Iskar oksijin tana shigowa idan ta yi ƙasa a jininsa. Ƙalilan ne ƙwarai ke kaiwa ga a zura musu bututun numfashi.

Game da sirace, na san shi ne abin da ake fara yi a gidaje da yawa, kuma likitocin Turai ma sun yi fiye da shekara 100 suna sa yara cikin tururi. Da aka gwada a Toronto a 2006 da yara 140, ba a ga amfaninsa ba. Abin da na gani da idona kuwa shi ne ƙunar ruwan zafi a cinya da ƙirjin yaran da suka yi fizge-fizge a ƙarƙashin bargo. Ki bar shi. Haka hayaƙin turaren wuta, da na itace, da na maganin sauro, duk a nisanta su daga ɗakin da yake kwana. Kada a kai shi a cire masa beli, domin matsalar tana can ƙasa da inda aska ke kaiwa, kuma jini da kuka a maƙogwaron da ya riga ya matse haɗari ne babba. Kada a tura yatsa ko cokali a maƙoshinsa, kada a ɗura masa ruwa ko man ja da ƙarfi. Magungunan tari na kwalba ba sa amfani a nan, waɗanda ke sa barci kuwa suna iya ɓoye alamar cewa yaro ya gaji da numfashi. Abin da ke taimakawa shi ne ki ɗauke shi a zaune a jikinki, ki rarrashe shi, ki ba shi nono ko ruwa kaɗan-kaɗan, da farasitamol idan akwai zazzaɓi. Iyaye da yawa sun gaya mini cewa kafin su iso asibiti yaron ya lafa saboda iskar dare mai sanyi da ta buge shi a hanya, kuma wani gwaji da aka buga daga Jeneba a 2023 ya nuna akwai gaskiya a ciki, don haka fitowa da shi tsakar gida na ɗan lokaci, a lulluɓe, ba laifi ba ne.

Idan ya sake dawowa

Yana iya dawowa, wasu yaran suna yin sa sau biyu ko uku kafin maƙogwaronsu ya yi faɗi. Idan tarin haushi ne kawai, yana wasa yana sha, babu ƙara idan ya natsu, za ki iya kwana da shi kusa da ke ki kai shi asibiti da safe a duba shi a ba shi maganin a can. Amma idan kina jin ƙarar alhali yana zaune shiru ko yana barci, ko ƙirjinsa yana lotsawa, ko yawu yana zuba ya kasa haɗiya, ko wuyansa ya kumbura, ko leɓɓansa da harshensa sun sauya launi, ko ya yi laushi ya daina kula ki, to a tafi a daren, kada a jira asuba. Ki kiyaye wannan musamman: yaron da ya daɗe yana fama sannan ƙarar ta ragu amma ya galabaita, ba sauƙi ya samu ba, ƙarfin jan iskar ne ya ƙare.

Ki tafi da katin rigakafinsa, ki duba yau ko ya samu fenta sau uku da allurar ƙyanda, in da saura a cike. Ki gaya wa likitan ranar da aka ba shi deksa na ƙarshe da adadinsa. Idan kuma abin ya yawaita, ko ya zo ba tare da mura ba, ko ƙarar ba ta tafiya tsakanin ciwo da ciwo, ko ya ci gaba bayan ya wuce shekara 6, ki nemi a tura ku wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, kuma a Zariya akwai su a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, domin a leƙa a ga ko hanyar iskar tasa tana da wata matsewa tun asali.